Kyautar Banki Da Harajin Kuɗin Shiga

Jawabi domin hakimai da malaman ofisoshinsu

Lokaci lokaci a kan ji banki ya yi shela, ya ce duk wanda ya buɗe asusu ya ajiye kuɗi kaza, ya bar su wata uku bai taɓa ba, za a sa sunansa cikin ƙuri'a. Ranar fid da ƙuri'a sai a kafa rumfa, a jera kujeru, sau da yawa ma a gayyaci hakimi ya zauna a gaba, domin shi zai miƙa mabuɗin babur ko na Keke Napep ga wanda ya yi sa'a. A ɗauki hoto, a yi ta sambarka, a watse. Abin da ba safai a kan faɗa a rumfar nan ba shi ne, wannan kyauta tana da gurbi a cikin takardar harajin mutumin, kuma adadin da aka rubuta mata shi ne zai nuna abin da za a nema a wurinsa.

Gaskiya ne aikin tara haraji ba ya hannun hakimai kamar yadda ya ke a zamanin En'e, sa'ad da dagaci ke kawo jerin sunayen magidanta, malamin haraji ya rubuta, a yanka wa kowa nasa. Tun a 1979 gwamnatocin Kano da Kaduna suka soke wannan irin haraji. Amma fa har yanzu in takardar hukuma ta ruɗe talaka, ƙofar hakimi ya ke nufa, kuma malamin hakimi ne zai karanta masa. Saboda haka ya kamata a san amsar tun ba a zo da tambayar ba.

Ran 26 ga watan Yuni 2025 Shugaban Ƙasa Bola Ahmed Tinubu ya sa hannu a kan sababbin dokokin haraji guda huɗu, wadda ta shafi harajin kuɗin shiga a cikinsu ta fara aiki ran 1 ga watan Janairu 2026. A cikin jerin abubuwan da sabuwar doka ta lasafta a kan kuɗin shiga ne, ta ambaci kyaututtukan gasa da abin da mutum ya ci a ƙuri'a. To, in kyautar tsabar kuɗi ce, lissafi ba wuya, naira dubu ɗari ita ce naira dubu ɗari. Wahalar tana ga babur da firiji da tikitin jirgi, da wani abu kuma da bankuna ke kira maki, wanda ba a taɓa shi da hannu. Mai jangali a da kawunan shanu ya ke ƙirgawa, bai damu ba ko saniya ramammiya ce ko mai ƙiba. Harajin kuɗin shiga ba haka ya ke ba, sai an yi wa abu ƙima kafin a san rabon gwamnati a cikinsa.

Babu ƙasar da aka yi ta ja-in-ja a kan wannan magana kamar Amurka. Fiye da shekara saba'in ke nan masu biyan haraji da hukumar harajin ƙasar, wadda su ke kira IRS, suna kai juna gaban alƙali a kanta. Hukuncin alƙalin Amurka ba ya ɗaure kowa a Nijeriya, wannan tilas a riƙe shi tun daga farko. Amma tambayoyin da aka yi can su ne za a yi nan, kuma wanda ya ga yadda aka warware su ba zai rasa abin faɗa wa talakansa ba.

Kyauta ce ko lada?

Dokar Amurka ba ta ɗora wa mutum harajin kuɗin shiga a kan kyautar da aka yi masa don zumunci ko don tausayi. Saboda haka kowa ya kan so a kira abin da ya samu kyauta. A 1960 Kotun Ƙolin ƙasar ta yanke wata shari'a wadda har gobe a ke kafa hujja da ita. Wani shugaban kamfanin ƙarafa ya kan faɗa wa wani abokin cinikinsa sunayen mutanen da za su iya sayen kayansa. Da abokin ya ga amfanin haka, sai ya aiko masa da mota ƙirar Cadillac, alhali kuwa mutumin ya ce masa yana da motoci, ba ya bukata. Bai rubuta ta cikin takardar harajinsa ba, don a ganinsa kyauta ce. Kotu ta ce ba sunan da aka ba abu a ke dubawa ba, niyyar mai bayarwa a ke dubawa. Wanda ya ba da motar don sakayya ya bayar, ko don ya ƙara samun irin wannan taimako nan gaba, har ma kamfaninsa ya lasafta ta cikin kuɗin da ya kashe wajen neman ciniki. Aka ce mota kuɗin shiga ce, a biya haraji.

In an auna kyautar banki da wannan ma'auni, ba ta tsira. Banki ba dangin mai ajiya ba ne, ba kuma tausayinsa ya ji ba. Kuɗinsa ya ke so su kwana a wurinsa, don ya juya su. Hausawa sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa. Asalin al'adar ma ya nuna haka. A 1933, bayan bankuna masu yawa sun karye a Amurka, aka yi doka ta ƙayyade ruwan da banki zai iya biyan mai ajiya. Da bankuna suka ga an hana su yin tsere da yawan ruwa, sai suka koma tsere da kayan gida, wanda ya buɗe asusu a ba shi na'urar gasa burodi ko wani abu mai kama da haka. An janye ƙayyadewar a hankali, ta ƙare a 1986, amma al'adar ba ta mutu ba. Sai dai yanzu maimakon na'urar burodi, a kan ba mutum dala ɗari biyu ko uku, ko kuwa maki. A wurin hukumar haraji wannan duka ɗan'uwan kuɗin ruwa ne, watau ladan barin kuɗi a hannun banki. Kyautar gasa da ta ƙuri'a kuwa, dokar harajin 1954 ta ambace su da suna, ta ce kuɗin shiga ne.

Ba ko'ina haka ya ke ba. A Ingila gwamnati ta fito da wata takardar ajiya a 1956, zamanin da Harold Macmillan ke riƙe da baitulmali, wadda ba a biyan mai ita ruwa, sai dai a fid da ƙuri'a kowane wata a raba kyaututtuka. An fid da ta farko a watan Yuni 1957, kuma har yanzu ba a biyan haraji a kan abin da aka ci. Amma wannan don doka ta keɓe ta ne musamman. Inda doka ba ta keɓe ba, kada a ɗauka an yafe.

Rangwame dabam, lada dabam

Akwai wani irin tukuici na banki wanda Amurka ba ta karɓar haraji a kansa, kuma rarrabe shi da na farko shi ne rabin aikin. A 1976 hukumar haraji ta ba da fatawa a kan kamfanonin motoci da ke mayar wa mai saye da wani abu daga cikin kuɗinsa bayan an gama ciniki. Ta ce wannan ba samu ba ne, ragi ne. Wanda ya sayi mota dala 5,000 aka mayar masa da 300, bai sami 300 ba, motarsa ce ta zama ta 4,700. Duk wanda ya taɓa awon gero a kasuwa ya san wannan. In mai awo ta cika mudu ta ƙara gyara, ba wanda zai ce mai saye ya yi riba, awonsa ne ya yi albarka. Da wannan fatawa a ke auna abin da katin bashi ke mayar wa mai shi, kamar kashi 1 ko 2 cikin 100 na abin da ya saya da katin.

Tambayar da a ke yi dai ita ce, sai da mutum ya kashe kuɗinsa ya sayi wani abu kafin a ba shi, ko kuwa don ya ajiye kuɗi, ko ya buɗe asusu, ko ya kawo wa banki sabon mutum aka ba shi? Na farko rangwame ne. Na biyu lada ne, a kan rubuta shi.

Ko wannan iyaka ma an sami wanda ya gwada ƙarfinta. Wani masanin kimiyya da matarsa suna da katin American Express wanda ke mayar musu da kashi 5 cikin 100 na abin da suka saya a kantunan abinci da na magani, ba tare da an sa iyaka ba. Sai suka riƙa shiga kantunan nan suna sayen katunan da a ke loda wa kuɗi don a ba wani kyauta, su juya su su zama takardun aika kuɗi, su zuba a asusunsu, su biya bashin katin, su koma su sake. Cikin 2013 da 2014 sun juya fiye da dala miliyan 6 ta haka, abin da aka mayar musu ya haura dala 300,000. Hukuma ta ce wannan ba rangwame ba ne, kuɗin shiga ne. A 2021 kotun haraji ta raba gardamar biyu. Ta ce abin da suka samu wajen sayen katunan kyauta, hukuma ba ta da ikon taɓa shi, don ita da kanta ta daɗe tana kiran irinsa rangwame. Amma inda suka sayi takardar aika kuɗi kai tsaye, ko suka zuba kuɗi cikin katin cirar kuɗi, babu haja a tsakani, kuɗi ne aka musanya da kuɗi, ba kuwa a yin rangwame a kan kuɗi. Wannan kashi aka ce su biya.

Takardar da banki ke aikawa

A Amurka mutum ba ya iya ɓoye irin wannan samu cikin sauƙi, domin banki ya kan rubuta takarda biyu, ɗaya ga mai ajiya, ɗaya ga hukuma. In ruwa ko ladan ajiya ya kai dala 10 a shekara, a kan aiko da takarda mai lamba 1099-INT. In kyautar gasa ce ko wani samu dabam, a kan aiko da 1099-MISC. Iyakar wannan ta biyu dala 600 ce tun daga 1954, sai a watan Yuli 2025 aka yi doka ta ɗaga ta zuwa dala 2,000 ga abin da aka biya daga 2026. Mai biyan haraji ya kan kai tasa takarda kafin 15 ga watan Afrilu, na'urar hukuma ta gwada ta da ta banki, in ba su yi daidai ba a aiko masa da wasiƙa.

A nan mutane da yawa ke tuntuɓe. Su kan ɗauka in banki bai aiko da takarda ba, to, babu haraji. Ba haka ba ne. Iyakar nan ta banki ce, tana nuna lokacin da ya wajaba a kansa ya ba da labari. Mai ajiya kuwa wajibi ne ya rubuta abin da ya samu ko da dala biyar ce. Abin da aka yafe ƙanana ne ƙwarai. A shekarar 2000 hukuma ta ce in banki ya ba sabon mai ajiya wani ɗan abu wanda ba kuɗi ba, kuma bai ci wa bankin fiye da dala 10 ba, ko dala 20 in ajiyar ta kai dala 5,000, ba sai an rubuta ba. Watau irin su laima da kofin shayi.

Nawa za a rubuta?

Ƙa'idar a baki mai sauƙi ce. A kan rubuta kuɗin da abin zai yi a kasuwa ranar da ya shiga hannun mutum, tsakanin mai saye da mai sayarwa waɗanda ba wanda aka tilasta wa. Amma duk wanda ya taɓa zama kusa da dillali ya san abu ɗaya yana da kuɗi uku, na mai kanti da na mai taya da na wanda bukata ta kama. Shari'u biyu na da sun nuna yadda alƙalai suka yi da wannan.

Ta farko, a 1948 wani gidan rediyo ya buga wa wani magidanci waya, aka tambaye shi sunan wata waƙa, ya faɗa daidai. Cikin abin da ya ci har da tikiti biyu na jirgin ruwa, ɗakin manya, daga New York zuwa Buenos Aires ta ƙasar Ajantina, zuwa da dawowa. Kuɗinsu a ofishin kamfanin jirgi dala 2,220 ne. An hana a sayar da su ko a ba wani. Mutumin ya roƙi kamfanin ya musanya masa su da tikiti huɗu na ɗakin talakawa zuwa Rio de Janeiro ta Barazil, ya tafi da matarsa da 'ya'yansa biyu. A takardar harajinsa ya rubuta dala 520. Hukuma ta ce 2,220 zai rubuta. A 1954 kotu ta ƙi bin kowannensu. Ta ce wannan tafiya alatu ce wadda mutumin ba zai taɓa saye da kuɗinsa ba, kuma ko da an yarda ya sayar da tikitin, ba zai sami kuɗin ofis ba. Amma kuma iyalinsa sun ci sun sha a jirgi, sun huta, ba za a ce abin banza suka samu ba. Ta yanke dala 1,400. Ba ta bayyana lissafin da ya kai ta nan ba, sai dai mai lura zai ga adadin bai yi nisa da tsakiyar maganganun biyu ba, kamar dai yadda dattijo ke raba gardamar ciniki.

Ta biyu ta fi kusa da abin da a ke gani a rumfunan bankuna. Wani ma'aikacin kamfanin General Electric ya ci gasar sayar da kaya, aka ba shi sabuwar mota ƙirar Lincoln wadda kamfanin ya saya dala 4,452. Ya tuƙa ta zuwa gida, cikin kwana goma ya kai ta wurin dillalin motoci, aka ba shi dala 1,000 a hannu da wata motar Ford mai kuɗi dala 2,600. Sai ya rubuta 3,600. Hukuma ta nemi kuɗin da kamfani ya biya. A 1962 kotu ta ce kowa ya sani mota da zarar ta fita daga kanti ta shiga hannun wani, kuɗinta ya faɗi, ko ba a hau ta ba. Don haka ba daidai ba ne a ɗora masa 4,452. Amma shi ma ya yi tafiya mai nisa da ita kafin ya sayar, wannan ragin nasa ne. Aka tsaya a kan dala 3,900.

Maki ya fi mota wuyar ƙima, domin ba shi da kasuwa. A farkon 2012 mutanen da suka buɗe asusu a Citibank, aka ba su makin tafiya na kamfanin jiragen American Airlines, suka ga takardar 1099-MISC ta iso gidajensu ba zato. Bankin ya yi wa kowane maki ƙimar santi biyu da rabi, dala ɗaya kuwa santi 100 ce. Wanda aka ba maki 25,000 sai ya ga an rubuta masa dala 625, adadin da ya ɗan haura iyakar 600. Mutane suka yi ca, wasu suka ce ba a faɗa musu ba sa'ad da su ke buɗe asusu, wasu suka ce makin bai kai haka ba, wasu ma ba su yi tafiyar ba tukuna. Har wani ɗan majalisar dattawa daga jihar Ohio, Sherrod Brown, ya rubuta wa bankin ya nemi ya daina. Abin da ya ƙara ruɗa su shi ne, tun a 2002 hukuma ta ce ba za ta nemi haraji a kan makin da ma'aikaci ya tara wajen tafiye-tafiyen aiki ba. Amma wancan maki na tafiya ne, wannan kuwa na ajiya.

Magana ta je kotun haraji ta hannun wani mai ajiya a wannan banki, aka yanke a 2014. An ba shi maki 50,000 na godiya, a 2009 aka musanya su da tikitin jirgin sama, bankin ya rubuta dala 668. Mutumin ya ce shi bai san da wani maki ba, bai kuma karɓi kome ba. Banki ya kawo littattafansa, alƙali ya gaskata littafi. Ya ce makin ladan ajiya ne, ya karɓi 668 ɗin yadda ta ke, domin mutumin bai kawo wata shaida da ta nuna tikitin bai kai haka ba. Abin lura a nan shi ne, magidancin 1954 da ma'aikacin 1962 sun sami ragi don sun zo da labarin abin da suka yi da kyautarsu dalla-dalla, shi kuwa wannan musu kaɗai ya zo da shi. Ƙimar da banki ya rubuta ba wahayi ba ce, ana iya ja da ita. Amma da takarda a ke ja, kamar tallan farashin abin a ranar, ko rasit na sayarwa.

Akwai kuma wahalar da ba ta ƙima ba. Hukumar haraji ba ta karɓar ƙafar mota, tsabar kuɗi ta ke so. A watan Satumba 2004 mai shirin talabijin ɗin nan Oprah Winfrey ta raba motoci 276 ƙirar Pontiac ga mutanen da suka zo kallon shirinta, kowacce wajen dala 28,500. Aka yi ta kuka don murna. Daga baya suka gane wasunsu za su biya haraji har wajen dala 7,000, da yawansu kuwa don rashin abin hawa mai kyau aka zaɓo su. Zaɓi uku ya rage musu, su nemo kuɗin, ko su sayar da motar su biya daga ciki, ko su ƙi karɓa. Tun a 1957 hukuma ta yarda cewa wanda ya ƙi karɓar kyautar gasa ba a binsa kome. Amma sai ya ƙi tun farko. Wanda ya karɓa ya hau, sa'an nan ya mayar, ya makara.

Yadda abin zai kasance a gunduma

A ƙarƙashin dokar da ta fara aiki a 2026, naira 800,000 na farko da mutum ya samu a shekara ba a biyan kome a kansu. Naira 2,200,000 da ke biye a kan biya kashi 15 cikin 100, naira miliyan 9 da ke bin waɗannan kashi 18, haka ya ke hawa har ya kai kashi 25 ga abin da ya haura miliyan 50. A ɗauki misalin wani mai tireda wanda ribarsa ta shekara naira 600,000 ce. Ba a binsa ko kwabo. Sai ya ci Keke Napep a ƙuri'ar banki, banki ya yi shela cewa kuɗinsa miliyan 3 ne. In aka rubuta haka, samunsa ya zama 3,600,000. A cire 800,000, a ɗauki kashi 15 na 2,200,000, watau 330,000, a ƙara kashi 18 na sauran 600,000, watau 108,000. Jimla 438,000. In kuwa a ranar nan irin wannan keke 2,400,000 a ke sayar da shi a kantin dillalai, samunsa miliyan 3 ne cif, harajinsa 330,000. Tsakanin adadin shela da adadin kasuwa akwai naira 108,000, ribar fiye da wata biyu ke nan a wurin mai tiredan nan. Adadin da a ke rubutawa a allon talla kuwa, don ya ja ido a ke rubuta shi.

Saboda haka in irin wannan mutum ya zo ofishin hakimi, abu na farko da malami zai nema masa shi ne takarda daga banki mai nuna abin da aka ba shi, da ranar, da ƙimar da bankin ya sa, da ko an cire wani abu don haraji kafin a miƙa masa. Ƙa'idojin da aka kafa a 2024 sun sa a cire kashi 5 cikin 100 daga abin da mazaunin ƙasa ya ci a tambola da wasannin sa'a. Duk wanda aka cire wa wani abu, ya karɓi shaidar cirewa, domin da ita za a rage masa abin da ya saura. Sa'an nan cikin makon nan, tun farashi bai motsa ba, ya je wurin dillalai biyu ko uku su rubuta masa kuɗin abin, da kwanan wata da hatimi. In ya sayar, a rubuta takardar ciniki da shaidu, kada a yi na baka. In yana da niyyar sayarwa kuma, gara ya sayar kafin ya mora, don kada a ce faɗuwar kuɗin daga hannunsa ta zo.

Game da ɗan abin da banki ke mayarwa a kan sayayya da kati, kada malami ya ɗauki hukuncin Amurka ya ce wa mutum an yafe. Ya rubuta shi a gefe da bayanin yadda aka same shi, ya bar ma'aikacin haraji ya yanke. Ladan buɗe asusu da na kawo sabon mai ajiya kuwa, a haɗa su da sauran kuɗin shiga.

Akwai kuma 'yan damfara da ke fakewa da wannan magana. Su kan buga wa mutum waya su ce ya ci mota a ƙuri'ar banki, sai dai ya fara aiko da kuɗin haraji ta wani asusu kafin a kawo masa. Ba a biyan haraji ta asusun wani mutum, ba a kuma biyansa a kan abin da bai zo hannu ba. Wanda aka yi wa irin wannan waya, ya tafi reshen bankinsa da ƙafarsa ya tambaya, kada ya faɗa wa kowa lambar sirrin katinsa. Ya kyautu hakimai su sa dagatai da masu unguwanni su sanar da wannan a ranakun kasuwa.

Harajin mutum ɗaya ɗaya, mai tireda ne ko manomi ko ma'aikaci, hukumar tara kuɗin shiga ta jihar da ya ke zaune ita ke karɓa, in ban da wasu kaɗan kamar sojoji da 'yan sanda waɗanda nasu ke zuwa hannun Tarayya. Takardar bayanin samun shekara a kan kai ta kafin ƙarshen watan Maris na shekarar da ke biye. Wanda ya ci keke a watan Agusta 2026, a takardar da zai kai kafin 31 ga Maris 2027 zai rubuta shi, tare da kwafin takardar banki da ta dillalai a maƙale, ya ajiye na asali a gida.